Orville da Kofi Hamsin da Bakwai

Duk macen da ke addu'ar Allah ya kawo ranar da mijinta zai yi ritaya, ta zo ta same ni tukuna in ba ta shawara. Nawa mijin, Orville, shekara talatin da ɗaya ya yi a kan babban sikelin rumbun hatsi na garinmu, a nan yammacin Wisconsin, yana auna motocin masara. Mota ta hau da kaya ya rubuta, ta je ta juye ta dawo wayam ya sake rubutawa, ya cire wannan daga wancan. Aikin ke nan fa, ba ƙari. Amma in ka ji yana ba da labari sai ka rantse shi ya ƙirƙiro lissafi.

"Verna," yakan ce mini, "zaman duniyar nan kaf abu ɗaya ne: a cire nauyin mota. Duk wanda bai cire mota ba, an cuce shi."

Na ji wannan magana a wurin biki, na ji ta a wurin jana'iza, na ji ta ranar da likita ya ɗora jikarmu a sikeli da tawul ɗinta. Da ya ajiye aiki kuwa sai ya tare a kicin ɗina. Bai iya soya ƙwai ba, amma ya san cokali nawa ne a kwalbar gishiri.

To, a watan Satumba Goggo Tilla, ƙanwar babansa, ta zame a bakin ƙofa ta karye a kwatangwalo. Shekarunta tamanin da tara. Kowa ya yi mata jaje, amma in za a faɗi gaskiya, abin da ke ran mutanen cocinmu shi ne: wa zai tuƙa romagrot na bana, wato kunun kirim? Saura mako shida walimar lokacin kaka, ranar da mutane ke cika motoci daga garuruwa su zo su ci a ɗakin ƙasa na coci. Kifi da dankali da ƙwallon nama kowane coci yana yi. Abin da ke kawo su wurinmu shi ne kunun kirim ɗin Goggo, mai kauri, mai santsi, man shanunsa na kwance a kai, a barbaɗa sukari da kirfa. Shekara hamsin da biyu ba wanda ya taɓa tukunyar nan sai ita.

Kuma akwai muciya. Daga kan wani dogon itace da ake kira fir aka yanko ta, da ƙahonni biyar a ƙasa, kakar Goggo ce ta ƙetaro teku da ita daga Norway a cikin akwatin kaya. Sunan mata uku ne a sassaƙe a jikinta, na Goggo ne na ukun. Daga gadon asibiti ta aiko da saƙo ta bakin Fasto: ita ta gama. Wanda ya tuƙa na bana, ta ɗanɗana ta ce ya yi, muciya tasa ce, a sassaƙa sunansa.

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya biya. Shekara arba'in ina feraye dankali a bayan matar nan, ina leƙen hannunta ta wutsiyar ido. A taron kwamiti har na gyara murya zan yi magana, sai na ji kujerar da ke kusa da ni ta yi ƙara. Orville ne ya miƙe.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku. Ni zan yi."

Delbert, maƙwabcinmu mai shanun tatsa, wanda tun suna firamare suke tsokanar juna, ya cire hula ya sosa ƙeya. "Kai za ka yi me? Wanke tukunya?"

"Girki lissafi ne, Delbert. Abin da ya sa ba ka gane shi ba ke nan."

Marlys, shugabar matan kicin, ta ce, "Orville, ka taɓa dafa wani abu a rayuwarka?"

"Marlys, na taɓa auna masarar da ta fi garin nan nauyi, ban yi kuskuren laba ɗaya ba. Ina takardar Goggo?"

Aka ciro ta daga cikin gwangwanin biskit. Wata 'yar takarda ce duk ta sha maiƙo, da rubutun Goggo kamar tafiyar kaza: Kirim, laba talatin. Madara, laba talatin. Fulawa, laba tara. Gishiri, tafi biyu. A can ƙasa kuma an ja layi an rubuta: A bokitina.

Orville ya ɗaga takardar sama yana girgiza kai. "Kun ga matsalar? Laba! Wace mace ce a ƙasar nan ke girki da laba? Kowa da kofi yake awo. Goggo kaɗai ce ke rataye tsohon bokitin ƙarfe a sikelin ɗakin tatsa na marigayi mijinta, kamar mai sayar wa kamfani madara. In sikelin ya lalace fa? In bokitin ya ɓata fa? Ni zan mai da shi kofi-kofi, a buga, a manna a bango. Ko Delbert ya karanta ya iya."

Fasto, baiwar Allah, ba ta son rigima. Ta dube ni, ni kuma na dubi silin. Haka aka ba shi.

Da na je asibiti na gaya wa Goggo, sai ta rufe ido ta daɗe. Na zaci barci ta yi. Can ta ce, "Orvie? Orvie ɗin da ya taɓa dafa agogon babansa ya riƙe ƙwai a hannu yana dubawa?"

"Shi fa, Goggo."

"Ƙyale shi. Ba a ƙwace wa yaro garma."

Yaron nan shekararsa sittin da takwas.

Mako uku teburin cin abincina yana hannun 'yan mamaya. Ya sayo ƙaramin sikeli mai batir, ya ƙarar mini da kirim ɗin gahawa. Sai ya kira ni in zo in ga abin al'ajabi.

"Dubi nan. Jahilai cewa suke laba ɗaya kofi biyu ce. Ƙarya! Ba ta cika kofi biyu ba. Kuma kirim bai kai madara nauyi ba, shi ya sa yake hawa kanta. Don haka kirim laba talatin, kofi hamsin da bakwai. Madara, hamsin da shida. Fulawa, talatin da uku. Kin lura da abin da na yi? Sai da na auna kofin wayam, na cire nauyinsa. Kullum a cire mota, Verna."

Na ce, "Fulawa kofi talatin da uku? Orville, ni fa ban taɓa ganin Goggo ta zuba fulawa mai yawan nan ba."

"Kin taɓa ƙirgawa?"

"A'a, amma idona..."

"Ido! Da ido ake awo da ba a biya ni albashi ba."

"To wannan da ta rubuta a ƙasa fa? A bokitina?"

"Camfin tsofaffi ne. Laba laba ce, ko a bokiti ko a hular Delbert."

Don ya nuna wa duniya zamanin bokiti ya wuce, sai ya ɗauko bokitin Goggo daga sito, ya huda gindinsa wuri biyar, ya cika shi da ƙasa, ya dasa furanni, ya ajiye a ƙofar coci. Sikelin kuma ya goge shi ya rataye a bangon ɗakin cin abinci na coci, ya ɗaura masa jan ƙyalle, wai kayan tarihi. Ya gaya wa mai aski, ya gaya wa mai gidan mai, ya gaya wa ɗan jaridar gari, har ya je wurin kafinta ya tambaya ko ORVILLE zai shiga a jikin muciya ko sai an rage harafi.

Ranar Asabar ɗin walima, ƙarfe takwas na safe, ya sauko ɗakin ƙasa da farar hula doguwa wadda ban san inda ya samo ta ba, da takardarsa a cikin leda don kada ta jiƙe. Mu mata goma sha biyu muna ta feraye. Kirim ɗin zagaye biyu yana cikin firiji, domin Goggo sau biyu take tuƙi, na masu cin rana da na masu cin la'asar. Delbert, wanda aikinsa yanka kifi ne, ya jawo kujera ya zauna kusa da murhu kamar ya sayi tikiti.

Orville ya ɗora babbar tukunya, ya fara zuba kirim kofi-kofi yana ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji. Ya kai talatin da takwas lafiya.

Delbert ya juya ya ce, "Marlys, yayarki shekararta nawa yanzu? Saba'in da huɗu?"

"Da shida."

"Kai! Ashe ta ba ni takwas. A sittin da tara suka yi aure ko?"

"Sittin da bakwai."

Hannun Orville ya tsaya a sama. Leɓensa na motsi, ba sauti. "Arba'in da... Delbert, Allah ya isa tsakanina da kai!"

"Ni me na yi? Zumunci nake."

Aka juye kirim aka sake daga ɗaya. A karo na biyu wayar Marlys ta yi ƙara, ta shiga karanta wa wani lambar gidan coci. A karo na uku sai da ya toshe kunnuwansa da auduga, ni kuma ya ba ni alli in riƙa jan layi a jikin firiji. Da muka kai hamsin da bakwai ya ɗaga hannu biyu sama kamar wanda ya ci dambe. Ƙarfe tara da rabi ta wuce, ko wuta ba a kunna ba.

Kirim ya tafasa a hankali, ya yi ƙamshi. Ya ɗauko muciya, ya riƙe ta yadda ake riƙe tuta, ya ce in tankaɗa masa fulawa. Na tankaɗa kofi goma sha ɗaya yana tuƙawa. Jama'a, sai ga abu ya haɗu, ya saki gefen tukunya, man shanu ya fara tsattsafowa rawaya shar, yana taruwa a gefe. Ƙamshin Goggo sak. Matan kicin duk suka ajiye wuƙaƙe suka matso.

Na ce, "Orville, tsaya nan! Haka nata yake yi. A kwashe man, a kawo madara."

Ya dubi takardarsa. "Saura kofi ashirin da biyu."

"Don girman Allah ka tsaya!"

"Verna, kin ga goma sha ɗaya ta yi kyau haka, ina ga talatin da uku?"

Ya ture rariyar, ya ɗaga kwanon fulawa ya juye gaba ɗaya. Ƙura ta tashi. Da ta lafa, man nan da ya fito ya koma inda ya fito, ko ɗigo bai bari ba. Orville ya tuƙa sau ɗaya. Ya tuƙa na biyu da hannu biyu. A na uku sai da ya taka ƙafa ɗaya a jikin murhu.

"Madara!" ya ce. "Ku kawo madara, haka ake so ya yi!"

Muka juye masa madara mai zafi kofi hamsin da shida. Ta kwanta a sama ta yi ɗan tafki, sannan muka ji wani ƙugi daga ƙasa, bulb, bulb, abin ya shanye ta. Orville ya kama muciya zai juya, ta ce ba inda za ni. Ta tsaya cak a tsakiyar tukunya.

Delbert ya leƙa. "Orville, in ka gama da shi ina so. Akwai rami a hanyar gonata."

"Yana hutawa ne. Kowane tuƙi yana hutawa."

"To Allah ya ji ƙansa."

Daga nan abu ya koma gudun gara a faɗa gidan zago. Orville ya ce kuskuren shanun bana ne, madararsu ba ta da ruwa. Delbert ya ce shanunsa sun ji, kuma za su kai ƙara. Duk da haka ya shiga motarsa ya je gona ya ciko mana manyan garewani biyu na madara, don shi ma ba ya son a daina wasan. Orville ya sa babban cokali yana haƙo abin daga gefen tukunya, yana rarrabawa a wasu tukwane. Ya ƙwace tukunyar dankali, ya ƙwace ta miya, Marlys ta rungume ta gahawa ta ce sai dai a bi ta kan gawarta. Kowace tukunya aka zuba mata madara sai gudaji su taso, manya-manya kamar ƙwan agwagwa, suna iyo.

Na ce, "Tsoho, a bar shi haka. Mu ɗauko kirim ɗin la'asar mu sake."

"A sake? Lissafina daidai yake! Ƙarfin hannu ne kawai ya gaza. Jira ni."

Ya haura sama da gudu, hularsa ta bugi saman ƙofa ta faɗi. Sai ga shi ya dawo da injin huda bango mai lantarki, ya ɗaura masa dogon ƙarfen da yake dama fenti da shi.

Marlys ta ce, "Ba dai a kicin ɗina ba!"

"Na wanke shi. Ku ja baya ku ga zamani."

Daidai lokacin Fasto ta sauko da farar rigarta, tana murmushi, ta zo ta gaya mana mutum ɗari da tamanin na zaune a sama a kujerun ibada, kowa riƙe da lambarsa yana jiran a kira, har da mota guda cike daga Minnesota. Ta buɗe baki ta ce, "'Yan'uwa, albarkar..." Orville ya danna.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na dai ga tukunyar miya ta yi juyi biyu a kan murhu, sannan duniya ta yi fari. Silin ya samu, agogon bango ya samu, hoton tsofaffin fastoci ya samu. Wani gudaji ya tashi ya manne a gilashin idon Fasto na hagu. Injin ya ƙwace daga hannunsa ya yi rawa a ƙasa har sai da Marlys ta fizge wayar daga bango.

Fasto ta cire gilashi, ta sa yatsa ta lakato abin ta kai baki. Ta tauna. Ta ci gaba da taunawa.

"Yaya, Fasto?" in ji Orville.

"Ɗan'uwa Orville, an hana ni ƙarya, kuma an hana ni zagi. Bari in koma sama."

Saura minti goma ƙarfe sha biyu ta buga. A nan ne na tuna da muciya. Tana nan tsaye a babbar tukunya, abin ya huce ya kama ta gam. In ta karye, ba Orville kaɗai ba, ni ma sai dai mu sake gari.

Orville ya kama ya ja, tukunya ta biyo shi. Delbert ya riƙe tukunya, Orville ya ja, Delbert ya biyo shi. Sai suka ɗauke ta su biyu suna nishi, suka ɗora a kan kantar tagar miƙa abinci, don nan ne kaɗai sarari ya rage. Suka zagaye gefen da wuƙar kifi. Mata huɗu suka danne tukunya a kwance, maza biyu suka kama muciya.

"Ɗaya, biyu..."

"Hamsin da bakwai," in ji Delbert.

Suka ja. Sai ji muka yi fuub! Abin ya fito gaba ɗayansa, dunƙule guda, da siffar tukunyar, har da tambarin kamfani na gindinta. Ya yi ɗan rawa a kan kanta ya zauna daram, muciya a tsaye a kansa. Orville da Delbert kuwa suna ƙasa a cikin bawon dankali.

Ƙararrawar sha biyu ta kaɗa. Mai kula da tebura, wanda bai san wainar da ake toyawa ba, ya tura ƙofar tagar sama daga waje kamar yadda ake yi kowace shekara.

Mutum sittin na zagayen farko suna zaune da cokula a hannu. A teburin gaba, daf da taga, a cikin keken asibiti, da bargo a gwiwa, Goggo Tilla ce. Jikanyarta ta ɗauko ta.

Wata mata daga Minnesota ta ce a hankali, "Cuku ne?"

Goggo ta dubi dunƙulen, ta dubi muciyarta, ta dubi silin. Sannan ta ce, "Orvie. Taso."

Ya taso, da bawon dankali a kafaɗa. Ku san halin mutumina, ko a nan bai saduda ba. Ya zaro takardarsa daga leda. "Goggo, kafin ki ce komai, lissafina ba kuskure. Ga shi. Kirim laba talatin, kofi hamsin da bakwai. Fulawa laba tara, kofi talatin da uku. A kawo duk wani malamin lissafi na jihar nan. In akwai kuskure, a takardarki yake."

"Ina bokitina?"

"Ai... yana ƙofa. An girmama shi."

"Na gan shi da zan shigo. Na ce wannan bokiti ya yi kama da nawa, amma nawa ba ya fure. Je ka zubar da ƙasar ka kawo."

Ya bi ta tsakiyar tebura ya fita, kowa na bin sa da ido. Ya dawo da bokiti, rana na leƙowa ta hudojin gindinsa.

"Rataya shi a sikelin can da ka yi wa kwalliya."

Ya cire jan ƙyallen ya rataya. Tsohon bokiti ne na ƙarfe mai kauri, irin wanda ba a yi yanzu. Allurar sikeli ta yi rawa ta tsaya.

"Karanta mana. Da ƙarfi, kunnena ya yi nauyi."

Orville ya matsa kusa. Na ga ƙeyarsa ta yi ja, jan ya gangara har wuya. Da ƙyar ya ce, "Laba shida."

"Wayam?"

"Wayam."

"To. Ni a ciki nake auna komai, abin da allura ta nuna shi na rubuta. Haka uwar mijina ta koya mini. Me zan cire, tunda bokitina ɗaya ne? Fulawa laba uku ce, yaro. Sauran shidan ƙarfe ne ka tuƙa wa mutane." Ta gyara bargonta. "Shekara talatin da ɗaya kana damun mu da a cire mota, a cire mota. Ashe kai bokiti ma ba ka iya cirewa ba."

Delbert ne ya fara. Wata irin dariya ya yi kamar jaki ya shaƙe, ya sulale ya koma cikin bawon dankali. Sai ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya, har mutanen Minnesota da ba su san kan zancen ba. Na sama suka ji, suka fara leƙowa ta matakala. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini, har da hawaye. Amma da na ga yadda ya tsaya riƙe da takardarsa, kunnuwa sun faɗi, sai kuma ya ba ni tausayi. Auren shekara arba'in da uku ba wasa ba ne.

Goggo ta buga cokali a tebur. "Ya isa. Verna! Ke da kike leƙen hannuna tun kina amarya, kin zaci ban gani ba? Ciro muciyar nan ki wanke. A ba mutane kifi su fara. Akwai kirim ɗin la'asar?"

"Akwai, Goggo. Amma bokitin ya huje, da me zan auna?"

Ta juya ta dubi Orville. "Kai, mai lissafi. Kirim laba ashirin da huɗu, kofi nawa ne?"

Kamar an zuba wa shuka ruwa. Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya yi rubutu a bayan takardar. "Arba'in da shida. Madara arba'in da biyar. Fulawa goma sha ɗaya."

"Goma sha ɗaya," na ce. "Ina na taɓa jin wannan lambar yau?"

Ya mai da fensir bayan kunne.

Sai da muka yanka dunƙulen da wuƙa kamar ana fasa kabewa kafin muciya ta fito, ƙahonninta biyar cif, ba wanda ya karye. Aka turo keken Goggo har bakin murhu. Orville ya ƙirga kofuna, Goggo ta ce duk wanda ya ambaci wata lamba a kicin ɗin nan za ta sa a rataye shi a sikeli, Delbert ya kama bakinsa da hannu. Na tuƙa. Da man ya tsattsafo na san na iso. Muka kwashe shi a kwano, muka zuba madara kaɗan-kaɗan, abin ya yi santsi yana sheƙi.

Ƙarfe ɗaya da kwata na miƙa mata a ƙaramin kwano. Ta ɗanɗana, ta juya shi a baki, ta daɗe.

"Gishiri ya ɗan yi kaɗan," ta ce. "Tafinki ƙarami ne. Baɗi ki ƙara rabi."

Baɗi. Na juya na fuskanci tukunya don kada a ga idona.

Bai isa kowa ba, sai da muka riƙa zuba rabin ludayi, amma ba wanda ya yi ƙorafi, sun ce abin da suka gani ya fi abin da suka zo ci. Dunƙulen kuwa Delbert ya kai wa kajinsa. Ya ce kwana tara suna saran sa, a na goma zakara ya hau kai ya yi cara.

A hanyar gida Orville na tuƙi har muka wuce gada. Sannan ya gyara zama ya ce, "Kin dai lura da kofi aka yi na biyun. Tsarina ne ya ceci walimar nan."

Na ce, "Na lura, tsoho. Dubi hanya."

Kafinta ya sassaƙa VERNA a ƙasan sunan Goggo, harafi biyar, ya shiga ba matsi. Shi ma Orville bai tashi a banza ba. An mai da furannin cikin bokiti, yana nan a ƙofar coci, kuma wani wanda har yau bai amsa laifinsa ba ya bi dare ya rubuta a jikinsa da farin fenti: ORVILLE, LABA SHIDA. Sunan ya bi shi har wurin mai aski. Da farko yana fushi, yanzu kuwa in baƙi suka tsaya suna karantawa, sai ka gan shi ya matso, ya gyara hula, ya ce, "Ni ne. Ni na gano nauyinsa."